Kuɗin da Ya Bi ta Hannun Inna

Auta ya fi rabin awa a falon yayansa yana kallon sabon tayil. Ba wai tayil ɗin ya burge shi ba ne. Idonsa ne yanzu ba ya iya ɗauke ɗaki guda a kallo ɗaya, sai dai ya bi shi kaɗan-kaɗan yana juya kai, kamar mai leƙe ta cikin bututu. Wancan zuwan da ya yi, leda ce shimfiɗe a kan siminti. Yau har fanka an canza. Matar Yaya ta dire masa ruwa a kofin gilashi, ta ce maigidan yana wanka, ta ƙara da zolayar cewa ya taka a hankali don tayil ɗin santsi gare shi, kada ƙanin miji ya karye a ce ita ta ture shi. Auta ya yi mata irin dariyar da ake yi wa matar wa, ya sha ruwan.

Zuwansa na bakwai ke nan a kan magana ɗaya: dubu ɗari takwas, kuɗin aikin idonsa.

Shi mai gyaran waya ne, shekararsa arba'in da ɗaya, 'ya'yansa uku, amma a gidansu har gobe Auta ne, wanda ake aika ɗauko kujera idan manya za su zauna. Idonsa na hagu ya mutu shekara uku da suka wuce. Na daman ne ya rage, shi ma likita ta ce ruwa ne ke taruwa a ciki yana danne jijiya. Abin da ya tafi ba ya dawowa, amma in aka yi aiki da wuri za a tsare sauran. Da canza gilashin waya da gyaran bakin caji Auta ya tara kuɗin har suka cika. Saura sati bakwai a yi aikin, Yaya ya samu kwangilar kujerun wata makaranta, ya ce aron sati shida kacal yake so.

Ga inda kuskuren yake, in har kuskure za a kira shi. Yaya bai roƙa da bakinsa ba. Inna ya gaya wa, Inna ta kira Auta. Shi kuma da ya ciro kuɗin sai ya ji nauyin ya tsaya yana ƙirga su a tafin hannun mutumin da ya girme shi da shekara goma sha uku, wanda ya sha goya shi a keke zuwa makaranta. Matarsa, da kowa ke kira Malama saboda tana koyar da ƙananan yara, ta ce ya tura ta waya ko don shaida. Ya ce Yaya zai ga kamar ba a yarda da shi ba. Ya zuba kuɗin a baƙar leda, ya kai ɗakin Inna da ke bayan gidan Yaya, ya ɗora mata a cinya, ya fice da sauri tun kafin Yaya ya dawo don kada su haɗa ido. Mutumin da ke wuni cikin wayoyin jama'a, nasa kuɗin a leda ya bi da su. Yau wata tara ke nan.

Yaya ya fito yana ƙamshin turare, yana ɗaura agogo.

"Autan Inna, kai ne da sassafe? Ina yarana?"

Ya tambayi yaran ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi Malama, ya tambayi kasuwa, har da mai gadin kasuwar. Auta ya bari ya gama, sannan ya sassauta murya kamar shi ne ya zo roƙo.

"Yaya, dama maganar nan ce. Idon yana ƙara rufewa."

Yaya ya girgiza kai cikin jimami. Ya ce yana sane, maganar ko abinci ba ta barin sa ya ci da daɗi. Masu makarantar rabi suka biya, rabin kuma kafintoci suka cinye. Tayil ɗin nan da Auta yake ta kallo bashi ne, wani abokinsa ya ba shi a biya a hankali, kada ya ɗauka wani abu ne. Ƙarshen wata in Allah ya so. Auta ya san hanyar zancen kamar yadda ya san hanyar gidansa. A zuwan farko ba a sa hannu a takardar biyan kwangilar ba. A na biyu mai sa hannun ya yi tafiya. A na uku motar Yaya ta buga inji. A na huɗu babbar 'yarsa ta samu jami'a, kuma ai 'yar Auta ce, ba zai so a koro ta ba. Na biyar da na shida bai ma same shi ba, duk da motar tana ƙofar gida.

Yaya ya raka shi har bakin ƙofa, sannan ya tuna. Ya zaro wayarsa ya ce kwana biyu tana zafi, Auta ya duba masa, ya sa mata batir mai kyau. Auta ya karɓa. Batirin daga aljihunsa zai fito, wannan ba sai an faɗa ba.

Teburin Auta yana ƙarƙashin matakalar benen kasuwa, wurin da in ya miƙe sai ya sunkuya. Akwai fitila, da gilashin ƙara girma, da ƙarfen narka dalma, da ɗan faranti mai maganaɗisu inda yake tara notukan da ba su kai ƙwayar shinkafa ba. Shekara goma sha shida yana nan. Da, yana hira yana dariya zai buɗe waya ya rufe. Yanzu in noti ya faɗi ƙasa sai ya durƙusa yana shara da tafin hannu, mai waya yana tsaye yana kallon ƙeyarsa.

Abin da ya fi cin sa shi ne gefe. Duk abin da ba ya saitin hancinsa, babu shi a duniya. Wata rana wani tsohon kwastomansa ya tsaya a damansa yana miƙo waya, ya gaji da miƙo, ya wuce tebur na gaba yana cewa Auta ya yi kuɗi ya daina ganin mutane. Maƙwabcinsa mai sayar da caja ne ya gaya masa daga baya, yana dariya, sai da ya ga fuskar Auta ya haɗiye dariyar. Daga ranar, duk wanda ya zo ta gefe, mai caja zai yi gyaran murya ya ce, "Likitan waya, ga marar lafiya." Auta yana jin daɗin taimakon, yana kuma jin kunyarsa har cikin ƙashi.

Sati biyu bayan haka ya ɗora ƙarfen dalma inda bai kamata ba, ya ƙone wayar wata mata mai tsada. Ya biya ta da kuɗin hayar teburin. Ya daina karɓar aikin ciki, ya koma canza gilashi da batir, aikin da ko masu koyo suna yi. Abin da yake kai wa gida ya ragu da rabi, kwalbar maganin ɗigawa kuma ba ta san da wannan ba, duk sati uku sai ta ƙare.

A asibiti aka sa ya tura kansa cikin wata na'ura, aka ba shi maɓalli ya danna duk lokacin da ya ga haske ya gifta. Ya daɗe yana jira bai danna ba, har ya ɗauka na'urar ce ta lalace. Likitar ta nuna masa takarda mai baƙin da'ira, da ɗan fari a tsakiya. Ta ce farin nan shi ne abin da ya rage masa. Ta tambayi dalilin da ya sa ya tsallake ranar aikinsa har sau biyu, ya ce tafiya ce ta kama shi. Ta dube shi, ba ta ce ƙarya yake yi ba. Ta ce ba za ta ɓoye masa ba, in aka wuce wata biyu ba ta san ko akwai abin da za a tsare ba. Kuɗin aikin kuma ya ƙaru.

Daga asibitin gidan Yaya ya nufa da takardar a hannu. Ya same shi a tsakar gida yana kallon masu fenti. Wannan karon Auta bai jira a gama gaisuwa ba. Ya miƙa takardar, ya ce wata biyu aka ba shi, ya ce ko rabi ne a ba shi ya je ya roƙi asibiti. Muryarsa ta ɗan tashi, masu fentin suka waiwayo. Wannan waiwayen ne ya ɓata komai, don Yaya mutum ne da zai iya jure bashi shekara goma amma ba zai jure kallon leburori na minti ɗaya ba. Ya ja Auta gefe.

"Tsaya, Auta. Tunda abin ya zama tozarci, bari in tambaye ka. Daga hannunka na karɓi kuɗi?"

"Yaya, ai ka san..."

"Ni uwata na tambaya, uwata ta ba ni. In akwai bashi, tsakanina da ita ne. Ka daina yi mini sintiri a gida kamar na ci na marayu."

Ya mayar masa da takardar ba tare da ya buɗe ta ba.

Auta ya zagaya baya. Ɗakin Inna ƙarami ne: gado, akwatin ƙarfe, rediyo, da taga ɗaya mai kallon bangon maƙwabta. Shekara takwas tana nan tun rasuwar mahaifinsu. Abincinta daga kicin ɗin matar Yaya yake zuwa, maganin hawan jininta Yaya ke saye, wutar da ke juya fankarta ta Yaya ce. Ta ga Auta, ta hau faɗan ya rame, Malama ba ta ba shi abinci. Ya zauna a ƙasa kusa da ƙafarta ya gaya mata abin da aka ce masa yanzu. Ya ce ba faɗa yake so ba, so yake kawai ta faɗa da bakinta cewa kuɗin nasa ne.

Inna ta daɗe tana murza bakin zanenta. Ta ce kowa ya san nasa ne, sai an yi shela? Ta ce yayansa yana da nauyi a kansa, mutane da yawa ke ci a ƙarƙashinsa. Ta ce likitoci ma tsoratarwa gare su don a kawo kuɗi, ga wata ƙawarta da aka ce za ta makance tun shekara goma da suka wuce, har yau ita ke zura wa kanta zare. Ta ce ya yi haƙuri, shi mai haƙuri ne tun yana ciki, bai taɓa ba ta wahala ba. Da ya sake cewa wata biyu ne, sai ta juya fuskarta bango.

"To ni ina zan sa kaina, Auta? A gidansa nake."

Ya tausaya mata, abin haushin ke nan. Ya tashi ya gyara mata eriyar rediyo kafin ya fita.

Malama ba ta yi kuka ba da ya gaya mata, ta wuce wannan wurin tuni. Tana ninke kayan makarantar yara ta ce ya kai ƙara kotu. Ya ce kotu za ta tambaye shi wa ya ba a hannu, kuma amsar ɗaya ce. Zai tsayar da Inna a gaban alƙali ke nan, a ce ta rantse a kan ɗanta na fari ko ta ƙaryata ɗanta na ƙarshe. Malama ta ce da ya ji maganarta ya tura ta waya da duk ba a zo nan ba, sannan ta koma kan ninkinta don ta ga ba sabon labari ta ba shi ba. Ta sayar da 'yan kunnenta da keken ɗinkin da take taɓa aiki da shi ranar hutu, suka kama dubu ɗari da talatin. Ta nemi aro a makaranta aka ce ba ta gama biyan na baya ba. Sati uku suka tafi a haka. Da ta ga babu sauran ƙofa, ta shirya ba tare da ta gaya masa ba ta tafi wurin Kawu, ƙanin mahaifin su Auta, wanda shi kaɗai ya rage da zai kira Yaya ya zo.

Aka zauna ranar hutu da hantsi a falon mai tayil. Kawu a babbar kujera, Inna kusa da shi, Yaya a ɗaya kujerar, gefen damar mai fuskantar Kawu, 'yan'uwansu mata biyu a kan doguwar. Auta ya ɗauko wa kowa abin zama, shi ya zauna a ƙasa yana fuskantar Kawu. An bar Malama a bakin ƙofa, tunda ita ba 'yar gida ba ce sai in za a yi aiki.

Kawu ya fara da dogon jawabi a kan zumunci, ya tuno mahaifinsu, ya ce abin kunya ne a ji kansu a waje. Ya ba Auta dama, Auta ya faɗi nasa a taƙaice, ya ajiye takardar likita a kan tebur. Ya ba Yaya dama, Yaya ya lissafo kuɗin makarantar Auta da ya biya shekara talatin da suka wuce, da akwatin kayan gyara na farko da ya saya masa, da shekara takwas na riƙon Inna ba tare da ya ce wani ya kawo ko sisi ba. Duk gaskiya ne, 'yan'uwa mata suna gyaɗa kai. Ya rufe da cewa shi bai taɓa musun ya karɓi kuɗi ba, amma daga hannun mahaifiyarsa, kuma duk abin da ta yanke ya yarda.

Kawu ya ji daɗin wannan, don ya samu hanyar da zai tashi ya tafi gida ba tare da ya ɓata da kowa ba. Ya juya ga Inna ya ce to, magana ta dawo gare ta, ita ta haife su, ita ta bayar da hannunta.

Auta ya juya kansa har ya samo fuskarta a cikin ɗan farin da ya rage masa. Ta tsufa ƙwarai. Idonta yana kan tayil.

"Ni na ba shi da hannuna," in ji ta. "Kuma ba na son in mutu in bar su suna bin juna bashi. Na yafe masa. Duniya da lahira na yafe masa."

Falon ya ɗauki hamdala. Kawu ya ce uwa ke nan, ya sa mata albarka. Babbar 'yar'uwarsu ta share hawaye. Malama ta buɗe baki daga bakin ƙofa, Kawu ya ɗaga mata hannu ya ce an gama, wanda ya ƙara magana bayan uwa ta yi tata shi ne mai neman raba gida.

Haka ake yi a irin gidajen nan, kuma ba wanda zai kira shi zalunci. Ba wanda ya saci komai. Kowa a ɗakin ya san na wane ne kuɗin, kowa ya ga takardar a kan tebur, ba wanda ya ɗaga ta. An duba an ga wane ne in aka danne shi ba zai yi ihu ba, aka danne shi, aka kira abin zaman lafiya. Kunyar da Auta ya ji don ya tsare mutuncin yayansa ita aka ɗauka aka ɗaure shi da ita. Da marar kunya ne, da ya ƙirga kuɗin a gaban shaidu ya karɓi sa hannu, da yanzu yana gida da bandeji a ido ana zuwa duba shi.

Yaya ya yi gyaran murya. Ya ce tunda Allah ya kawo ƙarshen fitina, shi ba zai ga ɗan'uwansa cikin lalura ya kau da kai ba. Ga ɗan taimako, dubu hamsin, a ƙara a sayi magani. Ya ciro ambulan daga aljihu ya miƙo daga inda yake zaune, ta gefen damar Auta.

Auta bai motsa ba. Kunnensa ya toshe tun daga maganar Inna, idonsa yana kanta, yana jira ko za ta ɗago ta dube shi sau ɗaya. Hannun Yaya ya tsaya a iska da ambulan, taku ɗaya daga kafaɗarsa. 'Yan'uwa mata suka dubi juna. Kawu ya ɓata rai ya ce wannan kuma wane irin taurin kai ne, babba yana miƙo hannu ana shanya shi.

"Ba ya gani ne, Kawu," in ji Malama daga bakin ƙofa. "Ta nan gefen ba ya gani."

A lokacin ne Inna ta ɗago, ta ga hannun, ta ga fuskar ɗanta tana kallon ta kai tsaye ba ta san da komai a gefenta ba. Ta gane, Auta ya ga ta gane. Ya jira. Ta yi magana a hankali kamar yadda take yi masa yana yaro.

"Juya damarka, Auta. Karɓi, ka yi wa yayanka godiya."

Ya juya kansa gaba ɗaya, ya bi bango, ya bi hannun kujera, har ya samo ambulan ɗin. Ya sa hannu biyu ya karɓa, yadda aka koya masa.

"Na gode, Yaya," ya ce.